Jinyar Luba da Gumin Balki

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, ya kuma halicci masu kunnen ƙashi a tsakaninsu. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla. Malamar firamare da ke maƙwabtaka da ni a nan Badarawa ita ke riƙe da alƙalami. Ta ce za ta daidaita maganata yadda na Kano ma za su gane. Na ce ta daidaita, amma kada ta rage, kada ta sassauta. So nake duk wadda ciwon sukari ya taɓa shiga gidansu ta ji, ta sa ido a kan 'ya'yanta tun suna ƙanana.

Luba ita ce autata, a Kaura Namoda ta yi aure. Mijinta ba zan kama sunansa ba, suruki ne. Alhaji nake ce masa, shi ma a bayan idonsa. Tun da ya auri ɗiyata ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci yana gani ba. In zai gaishe ni sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ni ina ciki, labule a tsakaninmu. In ina da magana sai in ba Luba ta kai masa. Haka muka gada, ban kuma ga aibun abin ba sai da ranar buƙata ta zo.

Da can awon hatsi yake yi a kasuwa. Da aka yanke mana jiharmu daga Sakkwato sai Allah ya buɗa masa, ya shiga kwangila. Ya rushe ginin ƙasa ya ɗora na siminti, ya ja famfo har tsakar gida, ya ce daga ranar ba a sake daka a gidansa, ga injin niƙa nan a bakin titi. Turmin da na kai wa Luba cikin kayan ɗaki aka kife shi a bayan ɗakin girki, kaji na hawa. Luba ta zauna. Ta yi ƙiba har awarwaro ya nutse a hannunta, mata na yi mini barka wai ɗiyata ta faɗa gidan hutu. Ni dai ina kallo.

Ɗiya guda Allah ya bar mata, Balki, ita ma ta bi sahun uwar. Yarinya ba ta cika sha biyu ba, amma in ta zauna a tabarma sai ta dafa ƙasa kafin ta tashi. Makarantar boko a mota ake kai ta, Islamiyya kuwa bayan katangarsu take. Da aka kawo Shari'a na yi murna, har gobe ina yi, don na san matan da mazansu suka dawo gida saboda an rufe wurin giya da na caca. Amma a unguwar su Luba dandali ma ya mutu. 'Yan mata suka daina gaɗa, suka daina tsalle-tsallensu, ba kuma wanda ya zauna ya ce to ga abin da yarinya za ta yi da ƙafafunta a maimako.

Da bazara aka aiko mini cewa Luba ba lafiya. Na tarar ta zube, fata na reto a damtsenta kamar rigar aro. Ruwa take sha kamar raƙumi, ta sha ta fita bayi, ta dawo ta sha. Ni mai sa ido ce, ba na musun wannan. Na bi bayanta na ga kiyashi sun yi baƙi a inda ta tsuguna. Na taɓa ganin haka wurin ubanta, Allah ya ji ƙansa, a shekarar da ya rasu. A lokacin cewa aka yi sammu ne. Na ce wa Luba gobe sai asibiti.

Alhaji yana Gusau da motar, yana bin kuɗin aikinsa. An kuma hana mata hawa kabu-kabu. Muka tsaya a bakin titi muna jiran motar mata, rana na dukan mara lafiya, babura na wucewa ba kowa a bayansu. Ko da muka isa, layin karɓar kati ya fita har gindin dogon yaro. Ranar ba mu ga likita ba. Washegari muka yi sammako, aka ce za a ɗebi jini kafin ta ci komai, ga shi ta riga ta sha koko da sukari tun a gida. Muka juyo.

Sai a mako na biyu muka zauna gaban likita. Mace ce siririya, Hausarta ta Kano, ba ta da yawan dariya, abin da ya sa na yarda da ita ke nan. Ta ce ciwon sukari ne, ya kuma daɗe a jiki. Ta rubuta ƙwayoyi, ta hana zaƙi, ta ce a rage tuwo a ƙara ganye. Balki ta biyo mu don ta riƙe mana butar ruwa, tana zaune a benci tana haki. Likita ta dube ta, ta sake dubawa.

"Wannan 'yarki ce?" ta tambayi Luba. "Zo nan, 'yammata. Ɗaga hijabin in gani."

Bayan wuyan Balki baƙi ne ƙirin, mai kauri, kamar gindin tukunya. Kunya ta rufe ni. Na ce, "Likita, wallahi ba rashin wanka ba ne. Mun dirza da soso da sabulun salo, har dutsen goge kaushi gwaggonta ta sa mata sai da wurin ya yi jini."

"Ku daina dirza, ba dauɗa ba ce," in ji ta. "Jikinta ne ya fara gajiya da sukari. Kin ce kakanta ya yi, ga uwarta tana yi. Iri yana cikin ƙasa, Hajiya. Zama da zaƙi su ne ruwan saman da zai tsirar da shi. Ba ta kamu ba tukuna. In tana motsa jiki kullum, aka janye mata zaƙi, mai yiwuwa ta tsallake har ta tsufa."

Na ce wane irin motsa jiki, ai ga ta nan tana motsi.

"Gumi nake so. Ba gumin zafin ɗaki ba, gumin aiki ko na wasa. Ta yi tafiya, ta yi tsalle, ta yi daka, duk wanda ya samu. Amma kullum."

Na ce a raina alhamdu lillahi, ga magani guda da ba sai an saya ba. Ashe shi ne zai fi duk sauran wuyar samu.

Da Alhaji ya dawo na ba Luba saƙon ta kai masa. Amsar ba ta bakinta ta dawo ba, ta bakin Hajiya Kulu ta zo, yayar Alhaji, wadda ta taho daga Zurmi duba mara lafiya ta share wuri ta zauna.

"Inna, wai mi kinka aika ma ƙanena? Balki ta yi daka? Gida da inji bakin ƙofa? Ya ce a gaya miki ɗiyarshi ba baiwa ba ce."

"To ta yi tahiya. Ni zan riƙa kai ta bayan gari mu dawo."

"Yarinya kamar wagga, ta fara zama mutum, ta dinga gantali cikin gari zamanin ga? Mi mutane za su ce? Ita likitar ta ga ta bushe kamar karan dawa, so take ɗiyan mutane su bushe."

Gidan ba nawa ba ne. Amma da hantsi na je na tayar da turmin nan, na wanke kashin kaji, na zuba gero.

"Taso, buhun gero," na ce wa Balki.

"Tsohuwa, ke dai ba ki son ki ga mutum ya huta. Halan ke kinka haifi wahala."

"Uwarki na haifa. Kama taɓarya."

Ta kama tana dariya, tana buga gefen turmi, gero na tsalle kaji na murna. Can na ga gumi ya tsattsafo mata a karan hanci, na ji daɗi kamar an ba ni kujerar Makka. Washegari na nemi turmi na rasa. An ba maƙwabta kyauta. Wai baƙin Alhaji sun jiyo daka daga falonsa na waje, har wani ya tambaye shi ko kwangilar ce ta tsaya.

Daga nan jinyar Luba ta ɗauke mini hankali. Masu dubiya kowa da maganinsa a gefen zane. Wannan ta kawo sassaƙen maɗaci, waccan garafuni, wata ta ce akwai mai cire sammu a wani ƙauye bayan Zurmi, a kai masa ɗankwalinta kawai. Masu ɗaci ban yi faɗa da su ba. Wanda ya ƙona mini rai zuma ce. Hajiya Kulu ta sa aka kawo mata galan guda daga wurin Fulanin Galadi, ta ce zuma ba sukari ba ce, Allah da kansa ya ce waraka ce, wa ya isa ya ja? Ni ban isa in ja da aya ba. Na tambayi likita, ta ce waraka ce ga cututtuka da yawa, amma mai wannan ciwon jininsa bai san bambancinta da sukarin kanti ba. Na dawo na faɗa. Aka ce to. Sai in na fita wanki ko na tayar da salla a zuba mata a kunu. A bakin kofi nake ganewa, yadda ƙudaje ke liƙe masa.

A mako na huɗu ko na biyar ƙwayoyi suka kasa, aka koma allura. Wata ma'aikaciyar jinya, Allah ya yi mata albarka duk inda take, da ta ga ban san lamba ba sai ta ɗaura mini zare a jikin sirinji, ta ce in ja ruwan ya tsaya daidai zaren. Ta ce maganin ba ya son zafi, ga wuta sai ta ga dama take zuwa, don haka ta koya mini in binne kwalbar cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba, sai ga ni ina yi wa ɗiyata allura safe da yamma.

A nan zan faɗi gaskiyar Alhaji, don ranar lahira ba na son a tsayar da ni a kansa. Bai taɓa jan hannu ba. Da kuɗin kwangila suka maƙale, shanun da ya ba Fulani kiwo ya sa aka koro ya sayar. Ni ma na kai tumakina kasuwar Shinkafi, da ya ji ya aiko a gaya mini ban kyauta masa ba. Duk abin da ake saye da kuɗi ya saya. Abin da ba a saye ne ya gagare shi.

Da damina ta sauka Luba ta taka garwashi a bakin murhu ba ta ji ba. Ƙaurin fata ne ya sa muka duba. Ƙafar ta riga ta mutu tun tana jikinta. Ciwon ya ƙi rufewa, ya koma gyambo, ya fara wari. Aka tura mu wani asibiti a Gusau. Mun yi makonni a can, ita a gado, ni a baranda da sauran masu jinya, kowa da tabarmarsa da risho. Aka cire yatsa, aka ce a jira. Aka jira, baƙin ya hau. Aka cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ni na riƙa wanke dungun, ni na riƙa juya ta. Kafin a sallame mu ido ma ya fara tafiya, sai ta ji murya take gane mutum.

Mun dawo Kaura gero ya fara nuna. Wata ranar Laraba bayan azahar Balki ta kawo mata ruwa, Luba ta laluba ta kamo hannunta, ta bi damtsen da tafinta har zuwa wuya, ta daɗe tana shafawa. Da yarinyar ta fita ta ce, "Inna, kada ki bari ta yi irin zamana." Na tashi na fita, don ni ba na kuka gaban mara lafiya. Ana cikin girbi Allah ya karɓi abarsa. Allah ya ji ƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan an share makoki na tura ƙanena ya roƙa mini riƙon Balki. Alhaji yana cikin zafin rashi, ya ce ta je ta ɗebe mini kewa na ɗan lokaci. Shi kewa ya ba ta ta ɗebe. Ni na san abin da na ɗauko ta ta yi.

Makon farko a Badarawa kuka ta sha. Rijiyarmu tana bayan gari, na saya mata ƙaramin tulu. Fura ba sukari, koko ba sukari. Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana, in na kira ta sai ta ce wa akuya, "Gaya ma tsohuwar ga ina ji." Ban kula ba. Safe mu je rijiya, hantsi ta shiga cikin 'yan matan gidan su yi daka, la'asar ta kai wa masu ban-ruwan albasa abinci a fadama. Na je na tambayi limaminmu ko laifi ne yara mata su yi gaɗa a cikin gida da rana, ba kiɗa ba maza. Ya ce shi bai ga inda aka hana ba. Na buɗe musu tsakar gidana, suka riƙa tayar mini da ƙura har kan tuwo, ban hana su ba.

Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Sai dai na lura ta daina dafa ƙasa in za ta tashi. Na lura ta daina tsayawa hutu a hanyar rijiya. Ran nan ina tankaɗe na ji ana lugude, na leƙa, sai ga Balki ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, tana yi wa ɗiyar maƙwabta gwalo. Baƙin wuyan ya fara dusashewa ba soso ba sabulu. Na kai ta Kaura wurin likita aka ɗebi jini. Ranar na fara ganin haƙoran matar nan. Ta ce, "Hajiya, duk abin da kike yi, ki ci gaba."

Ana saura kwana kaɗan salla sai ga Hajiya Kulu da kayan sallar Balki, an ɗinka su da tsohon awo. Yarinya ta sa riga, riga ta zubo kamar an rataya a ƙyaure. Kulu ta kamo hannunta ta buɗe tafin, ta ga kanta. Sai salati.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku gani! An bautar da marainiya! Inna, wagga ce amanar da anka ba ki? Uwa ta mutu, ɗiya ta zama jakar ɗibar ruwa?"

"Lafiya ce kika gani, Kulu, ba ki saba ganinta ba ne."

"Lafiya? Ƙashin wuya a waje? Mu a zuri'armu ba a rama sai da dalili."

"Ku a zuri'arku ba ku wanke gyambo ba. Ni na wanke."

Mata suka cika gidan. Na ce a tambayi yarinyar ko na taɓa barinta da yunwa. Balki ta sunkuyar da kai. Idonta na kan gwangwanin biskit ɗin da gwaggonta ta zo da shi, kuma ban ga laifinta ba, yaro yaro ne. A ranar aka tafi da ita. Kafin mako ya zagayo magana ta cika Kaura, wai tsohuwar Badarawa baƙin cikin ɗiyarta ya taɓa ta, ta huce a kan jika.

Na haƙura watanni. Da na kasa sai na shirya na tafi, da sunan na kawo musu kuka da daddawa. Abin da na tarar ya fi abin da na ji tsoro. Balki na kwance a katifa gaban akwatin kallo, ta koma yadda take har da ƙari. Hajiya Kulu ta ɗaura aniyar mayar da abin da na zubar, shayi da madara da safe, fura da sukari da rana. Wannan ma da sauƙi. Duk wanda ya shigo gidan sai ya shafa kanta ya miƙa mata alawa ko lemun kwalba, wai ladan kyautata wa maraya yake nema. Na zauna yini guda ina kallon masu neman Aljanna da jinin jikata. Ba mugu ko ɗaya a cikinsu, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Washegari na ce Balki ta raka ni asibiti ƙafata ke ciwo, ba ƙarya na yi ba, tana ciwon. Na hana ta karyawa. Aka ɗebi jini, muka jira har rana ta take. Likita ta duba takarda, ta ɗaga hijabin, ta dube ni.

"Hajiya, me ya faru? An mayar da ita inda muka fito, har an wuce. Har yanzu ba ta faɗa ba, amma a bakin rijiya take tsaye. In aka ci gaba haka, ba na jin za ta yi aure ba tare da allura ba."

Daga asibiti ban shiga cikin gida ba. Na tura Balki ciki, ni kuwa na nufi falon Alhaji na waje, yana zaune da baƙi. Na cire takalmi na tura ƙofa na shiga. Baƙin suka miƙe suna neman hanyar fita kamar an ce gobara. Shi ya zame daga kujera ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Ɗago ka dube ni," na ce.

"Subhanallahi, Inna. Ai da kin aiko."

"Aike ya ƙare. Wadda nike aikowa tana cikin ƙasa."

Ya ɗago. Ranar na san kamannin mutumin da ya auri ɗiyata, ashe har furfura ta fito masa.

"Ban zo in ce ka yi rowa ba. Ka sai da shanunka, na gani da idona. Amma ɗiya na ba ka da ƙafa biyu, munka binne ta da guda. Wagga da ta rage likita ta ce bakin rijiya take. Ka ba ni ita, ko ka bari ta yi gumi a gidanka. Zaɓi guda."

"Inna, mutane cewa sukai na kasa riƙon marainiya. Har masallaci anka tare ni da maganar hannunta."

"Mutanen nan sun zo gaisuwa sun ci shinkafarka sun tahi. Wa ya kwana baranda cikinsu? Ɗiyar Manzon Allah niƙa ta yi har hannunta ya yi kanta, ubanta na raye shina gani. Taka ta fi ta?"

Ya rufe fuska da hular da ya cire. Na tsaya har ya gama kukansa, ban lallashe shi ba. Ya ce in ba shi mako guda.

Bai saɓa ba. Da kansa ya kawo Balki Badarawa, ya sa ta a makarantar garinmu, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni ta bayan labule kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na gode masa, har zuciyata. Sai da motar ta tashi na ga abin da yaransa suka jibge a zaure, buhunan gari niƙaƙƙe, na gero da na dawa, wanda zai kai mu wata da watanni ba a taɓa taɓarya ba. Na haɗiye, na ce wannan na raba wa gidajen da ke da tsofaffi.

Da safe ina ɗaure akuya na ji sallama. Wani ɗan ga-ruwa ne, dattijo, da kurarsa cike da jarkoki.

"Inna, ina za a juye? Alhajin Kaura ya biya ni har faɗuwar ruwa, safe da marece. Ya ce kada ke da yarinya ku sake wahalar rijiya."

Balki ta fito tana miƙa, ta ga jarkoki, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Tsohuwa, Baba ya gama da ke!"

Na daɗe a tsaye ina kallon ruwan nan. Mutumin kirki ne, Allah ya sani. Ya ji maganata, ya yi kuka, ya ba ni ɗiyarsa, kuma har yau bai gane abin da na ce ba.

Na ce wa mai ruwa, "Malam, ka san randunan masallacin Juma'a? Can za ka riƙa juyewa, safe da marece, sadaka ga Luba ɗiyata. Kuɗinka halal ne. In Alhaji ya tambaye ka, ka ce ni na ce."

Ya juya kurarsa. Na shiga ɗaki na ɗauko tulu biyu, na dire guda a gaban Balki. Dariyar ta tsaya.

"Wallahi ke ba ki da tausai," in ji ta.

"Ba ni da shi. Ɗauki gammo ki wuce gaba."